Dala Ashirin a Gindin Gawo



Tun da aka kafa kamfanin SODECOTON a 1974, da hedikwatarsa a nan Garwa, manomin auduga ke karɓar taki da maganin feshi bashi, ya biya in an auna kaɗarsa. Ba na raina wannan alheri, domin da shi aka rufa asirin gidaje da dama. Sai dai ma'aunin tallafin shi ne faɗin gona. Wanda ya ƙara sare daji ya ƙara samun taki. Wanda ya bar kaɗanya da ɗorawa a tsaye babu mai tambayarsa.

Ga inda aka kwana: gonaki sun matso har bakin gandun dajin Binuwai, sun toshe hanyoyin da giwa da gwanki ke bi zuwa Faro da Buba Njidda. Baƙin karkanda na yammacin Afirka, wanda mafakarsa ta ƙarshe ita ce ƙasarmu, mafarauta sun ƙarar da shi, aka tabbatar da ɓacewarsa a 2011. Abin da ya tsira daga bindiga, yau gatari ke korarsa.

A shekarun da na yi ina rubuta wasiƙun maigida, yawancin ƙorafin da ke zuwa zaure a kan gona da burtali ne. Idan daji ya ƙuntata, makiyayi da manomi ke fara karo, kafin a ji kukan namun dawa.

Maganin kuwa an taɓa gwada shi a gida. A shekarun 1990, shirin DPGT, ƙarƙashin wannan kamfani, ya riƙa ba manoman yankin Marwa sefa 100, wato dala ashirin, cikin shekara uku, a kan kowane ɗan gawo da suka raina a gona. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma gawo ya dawo. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, da rani ya ciyar da awaki, furensa ya tara ƙudan zuma.

Roƙona ga hukuma da sarakunanmu: a ɗaura wani kaso na tallafin taki a kan itatuwan da manomi ya bari, da burtalin da bai nome ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa abin da tsuntsu ya ci daga dashen mutum sadaka ne. Jikokinmu na da haƙƙin jin kukan gauraka a bakin Binuwai.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.