Kafin a Kama Hayar Gida a Bakin Teku

Magidancin da tsadar haya ta kora daga Accra, yake neman garin gaɓar teku da zai kai iyalinsa, abu biyu ya fi tambaya: nawa ne ɗaki, kuma akwai ɓarayi? A ganina, tambayar da ta cancanci zuwa farko ita ce ko gidan a tudu yake ko a kwari, domin sau da yawa gidan bakin teku ba ya arha sai don mai shi ya san abin da ruwa ke yi masa. Keta, a gabashin Ghana, tana zaune kan siririn yashi tsakanin teku da tafki, kuma teku ya cinye unguwanni na garin kafin a jera masa duwatsun kariya a farkon shekarun 2000. Ƙauyen Fuveme, kusa da inda kogin Volta ke shiga teku, ruwa ya tashi mafi yawan mutanensa. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, yashin da kogin ke kawo wa gaɓar ya ragu, igiyar ruwa kuwa ba ta fasa kwasa ba. Cape Coast da Sekondi suna da tuddai, shi ya sa na fi natsuwa da su, ko da hayarsu ta ɗara.

Wani zai ce talaka ba ya zaɓe, aljihunsa ne ke zaɓar masa. Gaskiya ne, amma a yi lissafin har ƙarshe. Iskar gishiri tana cin kwanon rufi da ƙofar ƙarfe, rijiyar kusa da teku takan yi zartsi sai an sayi ruwan sha, ambaliya ɗaya kuma ta isa ta lalata katifa da buhun abinci da takardun makarantar yara. Ga masu gidaje da ke neman kuɗin shekara biyu a dunƙule: wanda ya biya, ya ɗaure kansa, ko da ɗakin ya zama kududdufi.

Batun ɓarayi ba ƙarami ba ne, sai dai sauƙin bincike gare shi, Sarkin Zango da limamin unguwa sun san lungun da ba a bi da dare. Ruwa kuwa dillali ba zai faɗa ba. A je duba gida a watan Yuni, lokacin da damina ta kankama, a dubi gindin bango ko akwai shatin ruwa, a ɗanɗana ruwan rijiyar kafin a ƙirga ko sisi.