Yaro Da Baƙon Abinci

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, kowannenmu ya san yaron da ke ture kwano. A ba shi tuwo ya cinye, a sa masa karas ko kabeji ya rufe baki kamar an ba shi maɗaci. Iyaye sukan ce tsirfa ce. Ni dai a ganina tsoro ne, tsoron abin da harshe bai saba da shi ba. Abin ba wasa ba ne kuwa, gama karas da ganye suna tsare ido daga dundumi.

Ai manya ma haka suke. Ku dubi dankalin turawa. Asalinsa daga duwatsun Amurka ta Kudu ne. Mutanen Faransa sun daɗe suna gudunsa, wai yana kawo kuturta, sai a 1772 likitocin Paris suka ce a ci, ba ya cutarwa. Nan ƙasar Jos ma baƙo ne, sunansa ya nuna. Yau fa? Je kasuwar Bokkos ko ta Mangu ka ga buhuna. To, in manya sun yi shekaru kafin su saba, yaya za a ce ɗan shekara shida ya saba rana ɗaya?

A makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa akwai wata yarinya, iyayenta sun taso daga Kano. Ba ta taɓa ganin gwaten acca ba, ga shi shi ake dafa wa yara. Kullum sai ta wuni da yunwa tana gyangyaɗi a aji. Uwarta ta ce mini, "Malam, na yi duka, na yi lallashi, ta ƙi."

Na ce, "Mama, a bar dukan tukuna."

Na zaunar da ita tsakanin 'yan matan Birom uku masu shan gwate har da lasar cokali. Ni ma na ɗebi nawa na sha a gabanta. Cokali ɗaya kurum na roƙa kowace rana, in ta tofar babu laifi. Ban yi mata alkawarin alewa ba, don yaro da wayo, nan da nan zai gane gwaten wahala ne, alewar ita ce lada.

Masu binciken abincin yara sun nuna sau da yawa sai yaro ya ɗanɗana sabon abu wajen sau 10 kafin ya karɓa. Mu kuwa mukan gaji tun a na uku. Ita wannan a mako na biyu ta haɗiye na fari, ta ɓata fuska, ta ce yakuwar ta yi yawa. Washegari ta zo da cokalinta daga gida.