Takardar da Kwamfuta ke Rubuta wa Mutum a Bakin Ƙofa

Kwamfuta ba ta san fuskar mutum ba, ba ta san halinsa ba. Abin da ta sani shi ne ƴar takardar shaida da ake haɗa masa sa'ad da ya shigar da sunansa da kalmar sirrinsa. Shekarun da na yi ina kula da na'urorin ofis sun sa na fi damuwa da wannan takarda a kan kalmar sirrin kanta. Kalmar sirri aikinta a bakin ƙofa yake ƙarewa, takardar kuwa ita ke bin mutum ɗaki-ɗaki, ana duba ta duk lokacin da ya kai hannu ga wani fayil.

Inda na fi ganin lamarin a sarari shi ne a VMS, babbar manhajar da kamfanin Digital Equipment Corporation na Amurka ya gabatar a 1977, wadda yanzu ake kira OpenVMS. A ce wata ƙaramar manhaja tana yi wa mutane hidima, kamar mai aika takardu ga na'urar bugawa. Wani ya ce ta buga masa fayil, ita kuwa tana buƙatar sanin ko yana da izinin karanta shi. Sai ta yi kira ga babbar manhaja, kiran da sunansa $CREATE_USER_PROFILE, ta ba da sunan mutumin. Babbar manhaja ta buɗe rajistar masu amfani da ke cikin SYSUAF.DAT da rajistar haƙƙoƙi da ke cikin RIGHTSLIST.DAT, ta tattara lambar mutumin da ta rukuninsa, da gatan da aka yi masa, da sauran shaidun da yake riƙe da su, ta ɗaure su ƙunshi guda ta miƙo. Ƙaramar manhaja ba ta kwance ƙunshin. Tana kai shi ne ga wani kira, $CHECK_ACCESS, a ce mata i ko a'a.

Wannan rabon aiki yana burge ni. Mai rubuta ƙaramar manhaja yana iya karanta rajista da kansa ya yanke hukunci, amma duk ƙa'idar da ya manta ta zama ƙofar da aka bari a buɗe. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Babbar manhaja ce ta kafa dokokin, ita ya dace ta rubuta shaidar.

A Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a Bell Labs a 1969, aikin ya fi jingina ga hankalin mai rubutu. Manhajar da ke karɓar masu shiga tana farawa ne da cikakken iko, wato da lamba 0, sannan ta sauko ta ɗauki matsayin wanda ya shigo. Saukowar hawa uku ce: ta fara ɗora jerin rukunansa da initgroups, ta ɗora babban rukuninsa da setgid, daga ƙarshe ta ɗora lambarsa da setuid. Dole ne setuid ya zo a ƙarshe. In aka gabatar da setuid, ikon sauya rukuni ya riga ya kuɓuce, sauran kiran biyu za su gaza. In kuma mai rubutu bai duba amsar da suka dawo da ita ba, baƙo zai shige da sunansa na talaka alhali rukunan mai gida suna rataye a wuyansa. Ba a ba kura ajiyar nama, amma layi biyu da aka juya sun isa su ba ta.

Akwai kuma abin da masu amfani ba su cika lura da shi ba: takardar hoto ce ta lokacin shiga. A Linux, haka ma a zuriyar Windows NT da ta fito a 1993, sauyin da aka yi wa rukunan mutum ba ya shiga takardar da ke hannunsa sai ya fita ya sake shigowa. Na ga wata ma'aikaciya da aka mayar sashen kuɗi ta yi rabin yini tana jin an raina ta, don fayilolin sashen sun ƙi buɗuwa, alhali sunanta na cikin rukunin tun da safe. Wannan ɓacin rai ne na ɗan lokaci. Abin da ke hana ni sakewa shi ne kishiyarsa: a cire mutum daga rukuni, a rufe maganarsa a ofis, amma zamansa na kan na'ura bai katse ba, yana ci gaba da yawo da tsohuwar takarda.

Don haka duk sa'ad da aka ce mini an janye wa wani izini, tambayata ta farko ita ce ko an katse zaman da ya riga ya buɗe. Sai an tabbatar mini da haka nake yarda cewa rajista da abin da ke gudana cikin na'ura sun zama magana ɗaya.