Hawan Dutsen Gangirwal Da 'Yan Buhunan Da Suka Cece Ni

Duk wanda ya tashi daga Jalingo ya nufi kudu, ya wuce Bali, ya kwana a Serti, sa'an nan ya kama hawan nan mai yawan kwana daga Mayo Selbe zuwa tsaunin Mambila, ba sai an gaya masa ya bar ƙasar zafi ba. Kunnuwansa za su toshe, ya ga hazo yana rarrafe bisa tuddai, ya ga mutane cikin rigunan sanyi da rana tsaka. Can gaba, a kan iyakarmu da Kamaru, akwai dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, watau Chappal Waddi, wanda kuma ake kira Gangirwal. Tsayinsa mita 2,419 ne daga teku, kusan ƙafa 8,000 ke nan. Yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba, kuma babu gandun da ya kai shi faɗi a ƙasar nan, don ya haura murabba'in kilomita 6,000. Wannan yanki a da yana hannun Jamus, daga baya ya koma riƙon Ingila, har ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗe shi da Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna.

Na je can a ƙarshen daminar bara, ni da abokin aikina mai ɗaukar hoto. Ban da ganin ikon Allah, abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan tafiya wani ɗan ƙaramin al'amari ne da na raina tun daga gida, watau irin ƙananan buhunan da matafiyi zai rarraba kayansa a ciki kafin ya zuba su a jakar goyo.

Bayan mun karɓi izni a ofishin gandun da ke Serti, muka hau mota zuwa Nguroje, daga nan kuma babur ya kai mu Njawai, inda ake soma tafiyar ƙasa. A nan muka sadu da dattijon da zai yi mana jagora, wani Bafillace siriri wanda ya girme mu nesa, muna kiransa Baffa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce kowa ya juye jakarsa.

Abokina bai zo da buhu ko ɗaya ba. Ya tura bargo da riguna da biskit da tocila duk wuri guda, ya dogara ga wata 'yar rigar leda da ake lulluɓa wa jaka daga waje. Ni kuwa ina taƙama, don na sayi buhuna huɗu a wurin wani ɗan gwanjo, ya kuma rantse mini cewa babban cikinsu, shuɗi, ko a kogi aka jefa shi ruwa ba zai shiga ba. Baffa ya ɗauki shuɗin nan, ya hura masa iska, ya murɗe bakinsa, ya kai kusa da kunne ya matsa. Dukanmu muka ji iska tana fita ta wajen ɗinki.

Ya ce, "Malam, buhunka yana numfashi. Abin da ke numfashi kuwa yana shan ruwa."

Na ce, "Baffa, ai mai shi rantsuwa ya yi mini."

Ya ce, "To, da ka zo da shi ya rantse wa ruwan dutse."

Sai a nan na gane cewa buhunan nan, ko da yake duk kamarsu ɗaya a idon baƙo, aikinsu daban-daban ne. Akwai na yadin nailan mai zaren zugewa a baki. Shi ne mafi araha, ba shi da nauyi, aikinsa kawai ya tara abin da ya dace wuri guda don kada mutum ya yi ta lalube. Amma ko da yadinsa ba ya jiƙewa, ruwa yana bi ta hudar allura ya kuma shiga ta bakin da zare bai rufe ba sarai. Shuɗin da aka sayar mini irin wannan ne. Na gaskiya mai hana ruwa ana gane shi da abu biyu. Na farko, in ka juya cikinsa za ka ga an manne ɗinkin da wani siririn ƙyalle na roba, ko kuwa babu ɗinki sam, an narke gefen an haɗe. Na biyu, bakinsa ba shi da zare. Naɗe shi ake yi kamar tabarma, aƙalla sau uku, kana a haɗa maɓallan gefe biyu. Wanda ya cika shi har wuya bai bar wurin naɗi ba, to ya yi asarar kuɗinsa. In mutum yana shakka tun a gida, ya sa takardar jarida a ciki, ya naɗe, ya danna cikin bokitin ruwa na ɗan lokaci, takardar za ta gaya masa gaskiyar da ɗan kasuwa ya ɓoye.

Akwai kuma mai maɗaurai a gefe, wanda ake ja a matse abu mai kumburi kamar buhun barci, watau bargon nan da ake shiga cikinsa a zuge. Lalle yana rage girman kaya ƙwarai, amma ni ban cika sonsa ba, don yana mai da bargo dunƙule mai tauri kamar kabewa, ga shi ba ya rage nauyi ko na ƙwayar gero, sai ma ya ruɗi mutum ya ga wuri ya samu ya ƙara kayan da ba ya bukata. In an dawo gida kuma ba a barin bargo a matse, don abin da ke cikinsa yana kwanciya ya daina riƙe ɗumi. Na raga shi ma yana da ranarsa, ga tukunya da safa mai danshi da duk abin da ke son iska.

Maganar kabewa ba wasa nake yi ba. Jakata mai cin lita 60 ce, amma da na ɗure buhuna huɗun nan tam, na jera su ciki, sai ga shi ta cika alhali rabin kayana na kan tabarma. Dalili kuwa shi ne abu mai tauri da zagaye ba ya haɗuwa da ɗan'uwansa, dole a bar kogo tsakaninsu, kamar yadda ake gani in an jera tulu. Baffa ya zazzage kowanne ya bar shi da sauran wuri, yadda zai lanƙwashe ya bi jikin na kusa da shi, ya kuma cusa rigar ruwata da tawul a ramukan da suka rage. Ƙananan buhuna masu cin lita 3 zuwa 8 sun fi kwanciya a jaka bisa ga ƙato ɗaya. Sai dai kada a wuce gona da iri. Wanda ya ba kowane cokali buhunsa zai ƙare da ɗaukar buhuna maimakon kaya, kuma sai ya kwance goma kafin ya sami ashana. Biyar ko shida sun isa tafiyar kwana huɗu, in so samu ne kowanne da launinsa, don a cikin duhun tanti launi ya fi saurin ganewa da hasken tocila. Na sa magani da bandeji a ja, abinci a ɗorawa, tufafi a shuɗin nan mai numfashi.

Sa'an nan ya aika yaro kanti ya sayo manyan ledoji masu kauri guda biyu. Ya buɗe ɗaya ya shimfiɗa ta cikin jakata kamar yadda ake yi wa kwandon shara, ya sa buhun barci a can ƙasa, don ba shi da nauyi kuma sai dare ake nemansa. Bisa gare shi ya ɗora kayan kwana, ya matse iska, ya murɗe bakin ledar ya lanƙwasa shi ƙasa. Abinci, da yake shi ne mai nauyi, garin kwaki da shinkafa da kilishi da ƙuli-ƙuli da dabino da sukari, ya sa shi tsakiya manne da bayana, don kada kaya su riƙa jana baya a wurin hawa. Magani da tocila da rigar sanyi suka zauna a sama. Kwalbar kananzir ta risho ya ɗaure ta a ledarta ita kaɗai, ya tsai da ita a aljihun waje, yana cewa ɗigo ɗaya ya isa ya hana mutum cin garinsa har ya koma gida. Ashana kuwa ya raba ta biyu, rabi a jaka, rabi a aljihun rigata cikin 'yar leda.

Ya miƙa wa abokina ɗaya ledar. Shi kuma ya yi godiya, ya ce rigar jakarsa daga Turai aka kawo ta, ya naɗe na'urar ɗaukar hotonsa kawai a ledar, ya bar sauran kaya yadda suke. Baffa ya dube shi, bai ce kome ba.

Ina kallon hannun dattijon nan sai kakanninmu fatake suka faɗo mini a rai, waɗanda suka yi ta zarya tsakanin Kano da Gwanja da jakuna. Su ma ai ba su zuba kaya barkatai ba. Akwai taiki, akwai mangala, akwai burgami na guzuri, salka ta ruwa, zabira ta ƙananan abubuwa, malami kuma da gafakarsa. Goro ma sai an lulluɓe shi da ganye an yi huhu kafin ya jure wa tafiyar watanni. Mu da muka yi boko muna ganin sai mun karanta a intanet za mu iya ɗaurin kaya.

Ranar farko lafiya lau. Muka bi ta tuddai masu ciyawa da rugagen Fulani, muka sha nono, muka kwana. Rana ta biyu da azahar, muna cikin wani kurmi a kwari, sai sama ta yi baƙi. Ruwan wannan ƙasa ba ya sallama. Ya sauko da iska, yana dukanmu ta gefe, ya fi sa'a biyu bai tsaya ba. Rigar jakar abokina iska ta yi ta ɗaga ta, kuma ko da ta zauna daram, ba ta rufe ɓangaren da ke manne da baya, nan ne kuwa ruwa ke gangarowa daga wuya ya jiƙa jaka. Ga shi kuma wajen ƙetare wani rafi da ya kawo, santsi ya kwashe ni na zauna ciki har ƙirji.

Da muka isa masauki gab da magariba na buɗe jakata gabana yana faɗuwa. Shuɗin buhu, wanda na fitar daga leda da safe don ɗauko hula na kuma yi ƙyuyar mayarwa, ya sha ruwa sharkaf. Garin kwaki ya jiƙa kansa da kansa ba tare da sukari ba. Amma da na kwance bakin ledar nan ta kanti, sai na tarar da buhun barci da rigar kwana da safa a bushe ƙayau, har da ɗan ɗuminsu.

Abokina kuwa na'urarsa ce kaɗai ta tsira. Bargonsa sai da muka kama shi mu biyu muka matse.

Mai karatu da bai taɓa kwana a kan dutse ba zai ce jiƙewar bargo ai ba wani abu ba ne. To, masana sun auna cewa duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, ga iska, ga gajiya, kuma rigar auduga in ta jiƙe janye ɗumin jiki take yi. Wajen ƙarfe tara na dare abokina ya fara rawar ɗari, haƙoransa suna haɗuwa, maganarsa ta fara sarƙewa. Wannan alama ce da ba a wasa da ita, don sanyi yana kisa ko a ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba. Baffa ya sa aka tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, na ba shi rigar kwanata da safa, muka zuge buhun barcina muka baje shi kamar mayafi muka shiga mu biyu. Ashanar cikin jaka ta lalace, ta aljihu ce ta kunna risho, aka dafa masa shayi mai sukari da yawa. Sai wajen tsakar dare rawar jikin ta lafa ya sami barci. Ni dai ban runtsa ba sosai, ina ta sauraron numfashinsa.

Da asuba Baffa ya ce mu mai da jiƙaƙƙun kayan jiya a jikinmu, busassun kuma a koma da su cikin leda. Wallahi babu abin da ya fi wannan wuya a duk tafiyar, amma gaskiyarsa ce, don in muka jiƙa su da gumi ko ruwa, daren gobe ba mu da mafita. Ya kuma yanke cewa abokina ba zai hau ba, zai zauna da ɗan dako ya shanya bargo. Haka mutumin da ya yi tafiyar kwana da kwanaki don ya ɗauki hoton ƙolin Gangirwal ya miƙo mini na'urarsa, yana nuna mini inda zan danna.

Mun kai ƙoli kafin rana ta take. Ciyawa ce gajera da iska mai ƙarfi, tuddai kuma jere bayan jere har cikin Kamaru, gajimare yana yawo a ƙarƙashin ƙafafunmu. Hotunan da na ɗauka rabinsu a karkace suke, har yau abokina bai daina yi mini gori ba.

Da muka koma Njawai na tattara ledojin da muka yi amfani da su na sa a jaka, don ba a barin shara a gandun. Na tambayi Baffa abin da zan bar masa ban da ladansa. Ya duba kayana ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake tocila da rigar ruwa, ya ɗauki jan buhun nan na magani ya ce zai riƙa sa goro da ashana. Shuɗin kuwa ya miƙo mini, ya ce in kai wa mai rantsuwa.