Kafin Mu Ce Yaro Zai Kai

Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma da wannan karin magana muke auna yaran da ke buga ƙwallo a Bena. Yaro ya yanke mutum uku a filin firamare, kafin magariba an laƙaba masa sunan wani ɗan wasan Turai. Da yake sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, iyaye kan tare ni da tambaya: "Injiniya, na'urar nan taku ba za ta iya gaya mana wanda zai kai ba?" Nakan ce za ta gwada, amma sai an fara ba ta shekarun yaron na gaskiya.

Mutanen Kanada sun daɗe da wannan lissafi a wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ake bugawa da sanda ana sulɓi. Duk shekara ƙungiyoyi 32 na babbar gasar NHL sukan zauna su zaɓi samari, galibi 'yan shekara 18, zagaye bakwai. Kowane yaro yana da tarihinsa a rubuce: tsayi, nauyi, ƙwallayen da ya ci, da ƙarfin gasar da ya ci su a ciki. Duk da haka mafi yawan waɗanda aka zaɓa ba sa zama 'yan wasan dindindin a gasar.

A 1985 wani masani, Roger Barnsley, da abokan aikinsa suka nuna ɗaya daga cikin dalilan. Ana raba yara rukuni-rukuni daga 1 ga Janairu, don haka wanda aka haifa a Janairu yana buga wasa da wanda aka haifa a Disamba, alhali ya girme shi da kusan shekara guda. A wajen ɗan shekara goma wannan tazara babba ce. Koci ya ga jiki, ya ɗauka baiwa ce, ya ƙara wa babban horo, ƙaramin kuma ya koma benci. Idan wata goma sha ɗaya ya ruɗi mutanen da ke da takardar haihuwar kowa, ina ga mu da ke kintacen shekaru da damina?

Tarihin ƙwallonmu ma yana koyar da taka-tsantsan. Macauley Chrisantus ya ci ƙwallo 7 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2007, shi ne kan gaba. Sani Emmanuel ya zama gwarzon gasar 2009 da aka yi a Najeriya. Dukansu sun tafi Turai, amma ba su kai inda aka hango musu ba, domin rauni da canjin ƙungiya da rabo duk suna da hannu. Victor Osimhen kuwa ya ci 10 a 2015, ya je Wolfsburg a Jamus ya kasa cin ko ɗaya. Da a lokacin aka tambayi manhaja, da ta ce a haƙura da shi. Aka ba da shi aro zuwa Charleroi a Beljiyam, ya farfaɗo, a 2023 ya ci gasar lig ta Italiya da Napoli, ya zama gwarzon Afirka.

Alamar da na fi yarda da ita ita ce irin ta Ahmed Musa. A kakar 2009/2010 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 yana ɗan shekara 17, a tsakiyar magidanta. Yaro ya fi tsaransa abu ne mai kyau, amma ƙarami ya tsaya wa manya ya fi faɗin gaskiya. Sai dai wannan ma'auni ma ya dogara da sanin ranar haihuwa. Hoton ƙashin wuyan hannu da FIFA ta fara amfani da shi a 2009 yana nuna ko ƙashi ya gama haɗewa ne kawai, ba ya faɗin wata ko shekara.

Saboda haka abin da nake yi a Bena bai buƙaci wata babbar na'ura ba. Ina da jadawali a wayata, da izinin iyaye. Ina rubuta ranar haihuwar yaro daga katin rigakafi ko rajistar makaranta, in auna tsayinsa kowace Sallah, in rubuta su wa ya buga da su. Wanda na fi sa wa ido shi ne siririn nan da ake turewa amma ƙwallo ba ta barin ƙafarsa, domin jiki zai zo masa daga baya.

Ga uban da wani dillali ya ce ya sayar da sa don a kai ɗansa gwaji waje, shawarata ita ce ya tambayi dillalin sau nawa ya ga yaron yana wasa, kuma da su wa. Ya bar yaron a makaranta, ya kuma karɓo masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ko ƙwallo ta karɓe shi ko ba ta karɓe shi ba, takardar za ta yi masa rana.