Kwana Goma Sha Biyu a Ƙarƙashin Cutty Sark

Asabar, 3 ga Fabrairu

Yau hutuna ya fara, mako biyu cur, na kuma yi wa uwargida alkawarin teburin cin abinci zai dawo hannunta kafin in koma aiki. Wata goma sha ɗaya ke nan ɗan jirgin nan yana kife a kansa, mu kuwa muna cin tuwo a kan cinya.

Ma'aunin da na ɗauka 1 cikin 96 ne, wato kowane inci ɗaya a wurina ƙafa 8 ne a jikin Cutty Sark. Gangar jikinsa mita 64.8 ce, nawa ya tashi santimita 67 da rabi, faɗinsa 11 da 'yan kai. Na gama jera katakon jiki tun Disamba, na bi shi da samfefa har tafin hannuna ya daina jin gaɓa. Asalin jirgin haƙarƙarinsa na ƙarfe ne, aka ɗaure katako a kai, itacen tik daga bakin ruwa zuwa sama, itacen elam na Amurka a ƙasa. Haƙarƙarin nawa falanki ne. Ƙarya ce, amma tana can ciki inda ido ba ya kaiwa, na kuma yafe wa kaina ita. Abin da ya rage a wannan hutu shi ne rufe cikinsa da farantan ƙarfe, sai allon akala da ake juya jirgi da shi.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Yanka kawai. Farantin gaske tsawonsa inci 48, faɗi 14. Idan aka raba da 96 sai ya koma milimita 12.7 da 3.7, bai kai ɓawon gyaɗa ba. Na sayi naɗin jan ƙarfe mai gam a bayansa, na kafa rula da reza tun bayan azahar. Kafin isha'i gwangwanin madara ya kusa rabi, wuyana ya sage.

Ba don ado ake sa wa jirgi wannan riga ba. A ruwan zafi akwai tsutsar da ke huda katako, ga ciyawa da 'yan ƙwarya da ke manne wa cikin jirgi su rage masa gudu. Shi kuwa kilifa, wato irin wannan jirgi, gudu ne jarinsa. A zamaninsa, wanda ya riga isa Landan da sabon ganyen shayin Sin shi ke sayarwa da daraja.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Na fara daga ƙeya, kusa da ƙashin baya, ina hawa. Layi biyar.

Talata, 6 ga Fabrairu

Layi bakwai. Inda ciki ya fara tsukewa wajen goshi layukan sun ƙi tafiya tare, dole na riƙa yanke wasu kamar tsinin mashi ina cusawa. A nan mutum yake gane abin da Hercules Linton ya zana. Goshin siriri ne kamar wuƙa, tsakiyar kuwa kusan murabba'i, don ya ɗauki kaya ya kuma iya jure filafilai masu yawa. Na sha kallon wannan a takarda, amma sai yau yatsuna suka fahimta. Da dare na kunna fitila, jan ƙarfen nan yana ta ƙyalli kamar sabon kwabo. Na kira Hajiya ta gani, ta ce ya yi kyau.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Da ma ban je ba. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Girinic, inda aka ajiye Cutty Sark na gaske, don in duba yadda farantan suka haɗu da gindin allon akala. Tun da aka sake buɗe shi a 2012, bayan gobarar 21 ga Mayu 2007, an ɗaga jirgin sama kimanin mita 3, mutum yana iya tafiya a ƙarƙashinsa. Na ɗaga kai, sai ga ciki rawaya fes kamar zinariya, tun daga goshi har ƙeya.

Ba rashin sani ba ne, gara in faɗa wa littafin nan gaskiya. Na san ƙarfen Muntz aka sa masa, kashi 60 jan ƙarfe, kashi 40 tutiya, wanda George Muntz na Bamingham ya yi wa rajista a 1832. Ya fi jan ƙarfe zalla araha, shi ya sa masu jiragen kasuwa suka rungume shi. Na karanta wannan ba sau ɗaya ba. Amma ja ne ake samu a shago da sauƙi, ja ne a kan yawancin samfuran da na gani, sai na bi yarima na sha kiɗa. Na daɗe a tsaye a ƙarƙashin tan 963, shayin da na saya ya huce a hannuna.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Ɓarewa. Gam ɗin ya kama sosai, wasu farantan sai da suka taho da fatar katako.

Hajiya ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana kallona. "Malam, kwana biyu kana liƙawa, yau kuma kana ɓarewa? Wannan ai aikin baban giwa ne."

"A yi haƙuri, Hajiya. Launin ne ba daidai ba."

"Shekaranjiya ka ce in zo in ga kyau."

"Yana da kyau. Na wani jirgin ne."

Ta ce ita dai teburinta. Na cike ramukan da garin katako da gam, na bar shi ya bushe.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Bayan masallaci ban taɓa komai ba, tunani na zauna yi. Kuskuren nan ya tono mini wata tambaya da nake ta kauce wa tun bara: wane Cutty Sark nake ginawa?

Don ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka tura ruwa a Dambaton ranar 22 ga Nuwamba 1869, kwana biyar bayan buɗe mashigin Suwez, wato an haife shi a makon da aka haƙa wa sana'arsa kabari, domin jiragen tururi ne za su bi ta gajeriyar hanya su ƙwace shayin. Kamfanin Scott da Linton ma karyewa ya yi kafin a gama shi, sai na Denny ya ƙarasa. Akwai na 1880 da aka rage wa tsawon jiguna aka cire filafilin ƙololuwa. Akwai na Kyaftin Woodget, mai ɗauko ulu daga Ostireliya, wanda ya yi Sidni zuwa Ingila a kwana 73, kuma a nan ne ya yi sunan da bai samu a shayi ba. Akwai Ferreira, sunan da Turawan Fotugal suka sa masa da suka saye shi a 1895, wanda guguwa ta karya wa jigo a 1916 aka sauya masa tsarin filafilai gaba ɗaya. Sannan ga na Girinic, mai sheƙi, wanda ruwan teku bai taɓa farantansa ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar jigunan wannan shekara, fentin waccan, su haɗa da cikin na gidan tarihi, su ce ga Cutty Sark. Jirgin da suka gina bai taɓa shiga ruwa ba ko na yini ɗaya. A ganina in za a ce an bi tarihi, to sai an tsayar da shekara, in da hali ma wata. Na tsayar da 1872.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Jikata ta zo, shekararta bakwai. Tana shigowa na ce, "Amarya, kin zo ganin jirgin da zan kai ki gida da shi?" Ta ce ita ba ta auren tsoho mai gam a gemu.

Ta ga 'yar siffar da nake fafewa don goshin jirgi, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. "Kaka, wace ce wannan?" Na ce mata Nannie ce, mayya a wata tsohuwar waƙar Robert Burns ta Sukotlan, wadda ta bi wani mahayi da gudu har ta tsinke wa goɗiyarsa wutsiya, kuma daga 'yar gajeriyar rigarta jirgin ya samo suna. A da, in an shiga tasha, yaran jirgi kan warware tsohuwar igiya su sa mata a hannu a matsayin wutsiyar. Nan take ta ce in yanki gashin 'yar tsanarta.

Hajiya daga ciki ta ce ba za a ajiye mata gunkin mayya a falo ba. Wannan shari'a ba a yanke ta ba tukuna.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Fallen tagulla mai rawaya ya iso jiya da yamma, siriri kamar takarda, ba gam a bayansa. Sabon yanka, sabon ciwon wuya. Kowane faranti sai na ɗauke shi da hantsaki, in ɗiga gam da tsinken sakace.

Na yanke shawarar ba zan yi alamar ƙusoshi ba. Farantan da ake sayarwa a shirye suna zuwa da ƙuraje jere, masu saye kuma suna son su don suna nuna an sha wahala. Amma kan ƙusar gaske, in an raba shi da 96, ya koma ƙura. Ƙurjin da ido zai gani a nawa, a jikin jirgi ya kai dunƙulen hannu.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Ɓangaren dama ya rufu. Na fara hagu. Ba abin faɗi sai yatsa da reza ta taɓa.

Talata, 13 ga Fabrairu

Hagu ya kai bakin ruwa da la'asar. Saura allon akala, shi ne kuma dalilin 1872.

A watan Yunin shekarar, Cutty Sark da jirgin Thermopylae suka bar Shangai tare, kowa cike da shayi. A tekun Indiya Cutty Sark ya ba da tazarar mil 400. Sai guguwar Agusta ta fizge masa allon akala. Ɗan'uwan mai jirgin, Robert Willis, yana ciki, ya matsa a nufi Kef Tawun a yi gyara, Kyaftin George Moodie ya ƙi. Kafintan jirgi Henry Henderson ya tattara itatuwan ajiya da guntayen ƙarfe, aka kafa maƙera a kan daɓen jirgi teku tana wasa da su, har wuta ta kife ta ƙona ɗan kyaftin. Cikin kwana shida suka ɗaura sabo. Da shi suka zagaya Afirka, suka shiga Landan a Oktoba bayan kwana 122, mako ɗaya a bayan Thermopylae. Mai jirgin ya ba Henderson fam 50. Moodie kuwa ajiye aikin ya yi.

Tun watan jiya na sassaƙa allon asali, sumul, yana cikin akwatin ashana. To na Yuni zan gina ko na Oktoba? Na kwana ina juyawa.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Oktoba.

Na juye gwangwanin guntaye a kan jarida, na zaɓi 'yan sanduna uku da suka rage daga gwajin jiguna, na jera su, na ɗaure da zaren waya da na baƙanta a harshen kyandir. Sau biyu yana watsewa a hannuna. Na uku ya tsaya, karkatacce kaɗan, mummuna, na kuma bar shi haka.

Jirgin da ya yi wata huɗu a teku ba zai shigo da ciki mai ƙyalli ba. Na sa gishiri da binega a ƙaramin kofi, na kifa babbar roba a kan jirgin da kofin tare don tururin ya dusashe tagullar. Falon duk ya ɗauki tsami. Hajiya ta buɗe taga duk da sanyin, ta tambaye ni ko wanda na yi kwana uku ina gogewa ne yanzu nake ɓatawa da hannuna. Na ce shi ne. Ta ce saura kwana uku a alkawarin tebur, ta kuma ɗauke akwatin ashanar ta sa a aljihun zanenta, wai ko zan dawo hayyacina.

Ƙarfe goma na ɗaga robar na leƙa. Wajen ƙeya ya fara yin duhu, da ɗan kore-kore a bakin layukan. Na mayar na rufe, sai da safe.