Fedar da ta ƙi tashi

Fijo 504 ɗin da nake hawa gadon mahaifina ce. Irin wannan mota ta fara fitowa a Faransa a 1968, daga 1975 kuma aka shiga harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa har gobe ba a rasa kayanta a kasuwannin Maraɗi. Tamu ta tsufa, amma ita ke kai yara lakwal, ita ke kai tsohuwata likita.

Watan Afirilun bara, a tsakiyar zafi, ta fara wani sabon hali. In na taka fedar ambireyaji, wanda ƴan Najeriya ke kira kuloci, sai ta kwanta a ƙasa ta ƙi dawowa, sai na sa ɗan yatsan ƙafa na ɗago ta. Da safe da sauƙi, in inji ya ɗau zafi abin ya ƙaru. Ran da ta yi mini haka a mararrabar kusa da babbar kasuwa, ga yarana uku a baya, ga ƴan kabu-kabu ta ko'ina, na san wasa ya ƙare.

Makaniken farko bai ko leƙa ba. Ya ce faifan ambireyaji ne ya cinye, sai an sauke akwatin giya. Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin albashina. Na ce zan yi shawara.

A gareji na biyu maigidan ba ya nan. Wani saurayi ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya goge hannu, ya ce, "Mushe, ina wuni? Ba ku gane ni ba?" Na gane shi sarai. Ɗalibina ne a aji shida na firamare, ya maimaita aji, ya sake faɗuwa, ya bar karatu. Ni da hannuna na rubuta a takardarsa cewa ba ya iya tunani bi da bi.

Ya ce kafin a taɓa giya, a fara daga abin da ido ke gani. Ya ɗage tabarmar ƙafa, ko ita ke riƙe fedar. Ba ita ba ce. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari da tocila, ya cire ɗan ƙarfen da ke haɗa fedar da famfon sama, ya motsa ta da hannu. Ta tafi ta dawo, waya mai ja da ita tana nan, sai dai ta yi rauni. "Kun gani, Mushe, ba ƙura ko tsatsa ba ne a maƙalar fedar."

Sannan ya yi mini bayani. Ambireyajin 504 da mai yake aiki, irin na birki. In ka taka feda, famfon sama ya tura man ta cikin bututu zuwa famfon ƙasa da ke jikin akwatin giya, shi kuma ya tura cokalin da ke raba inji da giya. In man ya tsiyaye, ko iska ta shiga, ko robobin cikin famfo suka lalace, feda ba za ta dawo daidai ba. Ya duba famfon ƙasa, babu yoyo. Ya buɗe kwalbar man, ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya dube ni.

"Mushe, wa ya ƙara mata mai?"

Sai na tuna. Wata biyu kafin nan, a hanyar Zinder, bayan mun wuce Tasawa, na ga man ya ragu, babu man birki a kusa, na zuba ɗan man inji na ce ai mai mai ne. Ya girgiza kai ya ce man inji yana kumbura irin waɗannan robobi. Da ya warware famfon sama, ga robar ta kumbura ta yi laushi, ta cushe cikin bututun, shi ya sa fistan ke maƙalewa in ya shiga.

Ya sauya robobin famfunan biyu da tiyon roba, ya wanke bututu, ya zuba sabon man birki. Ya zaunar da ni ina taka feda, shi yana ƙasa yana buɗe ɗan kusar fitar da iska yana rufewa, yana ba ni umarni: "Taka. Riƙe. Saki." Na bi, kamar yadda ya sha bin nawa a aji. Kafin la'asar feda ta dawo tana tashi da kanta. Abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin farko ba.

A hanyar gida abin da na rubuta a takardarsa ya yi ta dawo mini. Yaron da na ce ba ya tunani bi da bi, ga shi ya bi matsala daga tabarma har roba bai tsallake mataki ɗaya ba. Ni ne na yi masa irin aikin makaniken farko: na ji alama, na yanke hukunci mafi tsada, ban leƙa ba. Ban taɓa tambaya ko yana ganin allo ba, ko ya karya kumallo, ko Faransancin ne ya tsaya masa a wuya ba lissafin ba.

Bana akwai yarinya a ajina da ta tsaya cak a karatu. Kafin in rubuta komai a takardarta, na matso da ita benci na gaba, na kuma aika a kira mini mahaifiyarta ranar Litinin.